Neman asalin kakanmu: ina ake samun tsofaffin takardun ƙidaya da sanarwar rasuwa?

Jikan Mai Kuza ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar binciken asali, musamman malaman tarihi da waɗanda suka taɓa aiki da tsofaffin takardun hukuma.

Mu mutanen Bukuru ne, a nan aka haifi mahaifina, a nan kuma Allah ya karɓi ransa bara. Ranar sadakar uku, bayan masu ta'aziyya sun ragu, gwaggonmu wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu ta ce da ni mahaifinsu ba ɗan nan ba ne, daga ƙasar Gaya ya zo aikin kuza yana saurayi, kuma ya baro ƙanne biyu a can, mace da namiji, waɗanda har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake sa su a ido ba. Na tashi na san mu Kanawa ne, domin maƙwabtanmu Zage-zagi ba su bar mu mun manta ba, amma ban taɓa jin an ambaci gari ba sai ran nan, kuma tun daga lokacin maganar ƙannen nan biyu ta tsaya mini a rai. Idan sun yi zuri'a, to, muna da dangi na jini waɗanda ba su san da mu ba.

Abin da ke hannuna kaɗan ne. Kakan nawa ya rasu ina ƙarami, a shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, wato 1973. Da laƙabi aka fi saninsa a gari. Sunan mahaifinsa kuma akwai saɓani a kai, domin abin da mahaifina yake faɗa daban, abin da gwaggo take faɗa daban.

Wani abokin aikina da ya yi karatu a Ingila ya nuna mini yadda mutanen can suke shiga intanet su buɗe takardar ƙidayar 1921, su ga sunan kowane mutum na gida, da shekarunsa, da garin da aka haife shi, da sana'arsa, sannan su haɗa da sanarwar rasuwa ta tsofaffin jaridu har su kai kaka na huɗu ko na biyar. Tambayata ita ce, shin akwai irin wannan takarda ta ƙidayar da Turawa suka yi a Lardin Kano, kuma a ina take? Sannan shin ana iya samun sanarwar rasuwar talaka irin kakana a wata jarida ko rajistar hukuma, wadda za ta ambaci sunan mahaifinsa da garinsu?

Tsohon Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa.

Zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, don kada ka ɓata kuɗin mota a banza: irin takardar da abokinka ya nuna maka ba za ka same ta a wurinmu ba. Ingila tana ajiye takardar da kowane gida ya cika, ta kulle ta shekara 100 sannan ta buɗe wa jama'a, shi ya sa ta 1921 ta fito a farkon 2022; Amurka kuwa shekara 72 take jira, ta 1950 ta fito a watan Afrilun 2022. A Najeriya an yi ƙidaya a 1911 da 1921 da 1931, amma a Arewa mafi yawan alƙaluman ba bi gida-gida aka yi aka samo su ba, daga lissafin haraji aka kwaso su. Wadda aka yi a 1952 ta fi su inganci, an kuma buga sakamakonta lardi-lardi, sai dai abin da za ka tarar a ciki shi ne sunan gari da yawan mazansa da matansa da yaransa, babu sunan mutum ko ɗaya. Na bayan samun 'yancin kai kuwa labarinsu sananne ne: an soke ta 1962, an yi ta jayayya a kan ta 1963, an soke ta 1973, sannan ta 1991 da ta 2006 jimloli ne aka fitar, ba a buɗe takardun gidaje ga masu bincike ba.

Abin da ya zauna a mazaunin ƙidaya a ƙasar Hausa shi ne rubutun haraji. Kowace shekara kafin a fara karɓa, malamin haraji na hakimi yakan zauna da dagaci da masu unguwanni a rubuta sunan kowane magidanci da baligan mazan da ke gidansa, wani lokaci har da sana'ar mutum. A ƙasar Kano an kuma yi zamanin malaman taki, waɗanda suke auna gona da ƙafa su rubuta sunan mai ita. Rubuta masu biyan haraji ya ci gaba har 1979, lokacin da gwamnatocin jam'iyyar PRP, ta Abubakar Rimi a Kano da ta Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali. Saboda haka mahaifin kakanka, muddin ya balaga a ƙauyensu a zamanin Turawa, an rubuta sunansa, ba sau ɗaya ba, kusan kowace shekara.

Wahalar tana wajen inda takardun suka kwana. Jerin sunayen aikin En'e ne, a ofishin hakimi da baitulmali yake tsayawa, jimla kawai ake aika wa Di'o da Razdan. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, ofisoshi suka sauya hannu, aka rarraba gundumomi, kundaye da yawa suka salwanta a tsakani. Waɗanda suka tsira, a iya abin da na gani, a fadar hakimi suke, ko a soron dagaci, ko a adakar magadan wani tsohon malamin haraji. Idan Allah ya sa ka samu, ka karanta da lura, domin mutane sun san ƙidaya da haraji ɗanjuma ne da ɗanjummai, saboda haka sukan ɓoye samari a ce ba su balaga ba, har yaro ya yi gemu yana yaro a takarda. Haka kuma wanda ya tafi ci-rani bai dawo ba sunansa yakan daɗe a rajista, domin dagaci ba ya so yawan mutanensa ya ragu, ɗan'uwansa ne zai riƙa biya masa. Rashin ganin suna ba hujja ba ce cewa mutum ba ya garin, ganinsa kuma ba hujja ba ce cewa yana nan a shekarar.

Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da amfani, amma ka san abin da za ka nema. An jera takardunsa bisa lardunan da: KANOPROF na Kano, ZARPROF na Zariya, SOKPROF na Sakkwato, JOSPROF na Filato, sai SNP, wato na sakatariyar lardunan Arewa baki ɗaya. Mafi daraja a gare ka su ne rahotannin kimanta haraji da jami'an Turawa suka rubuta a kan kowace gunduma, domin a ciki akwai jerin ƙauyuka, da tarihin kafuwar manyansu kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa, da jerin dagatan da suka yi sarauta, da yawan masaƙa da marina da maƙera da mahauta. Sunan talaka ba ya fitowa sai idan ya shiga shari'a ko ya kai ƙara. Amma rahoton zai gaya maka ƙauyen yana ƙarƙashin wane dagaci ne a 1920 ko 1935, da sunan da ake kiransa a lokacin, kuma wannan kaɗai ya isa ya buɗe maka ƙofa. Ka kiyaye da iyakokin da: Jigawa ta yau duk Lardin Kano ce a da, ba ta zama jiha ba sai 1991, Katsina ba ta zama lardi mai zaman kanta ba sai 1934, yankin Jos kuma yana cikin Lardin Bauchi kafin a kafa na Filato a 1926. Ban da nan akwai Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano.

Shawarata ita ce kada ka taka Kaduna tukuna. "Ƙasar Gaya" ba adireshi ba ce, gunduma ce mai ƙauyuka masu yawan gaske, wadda aka yanka ta zama ƙaramar hukuma fiye da ɗaya. Sai ka samo sunan ƙauye, ko aƙalla na kasuwar da suke ci, kafin takarda ta yi maka magana.

Inna ta Tudun Wada ta amsa:

Ɗana, Allah ya jiƙan Baba da rahama. Allah ya gafarta Malam, bayaninka ya gamsar, sai dai ina so in ƙara abu ɗaya da ya shafe mu: rajistar haraji ba ta san mace ba. Ƙanwar kakan nan da aka baro a ƙauye, da mahaifiyarsu, ba za su fito a cikinta ba, alhali a bakin mata ne zumunci yake ajiye.

Game da sanarwar rasuwa, kada ka sa rai sosai. Mu mutum yakan rasu da asuba a binne shi kafin azahar, kabarinsa kuma ba allo ba suna, sai ɗan tudun ƙasa da fasasshiyar tukunya ko reshen itace, wanda damina biyu ta isa ta shafe. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, takan kawo labarin rasuwar sarakuna da hakimai da manyan malamai da ma'aikatan En'e, haka ma New Nigerian da ta fara fitowa a 1966, amma leburan kuza ba ya cikin waɗanda ake bugawa. Talaka a rediyo ake sanar da rasuwarsa idan iyalinsa sun kai takarda, ita kuma takardar da an karanta ta an gama da ita. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a ƙasa baki ɗaya kuwa, sai bayan rasuwar kakanka aka yi ta.

Sanarwar rasuwarmu ta gaskiya tana cikin gafaka. Malaman zaure suna da al'adar rubuta ranar haihuwa da ranar rasuwa a bangon Alƙur'ani ko a wata warƙa da suke sakawa a ƙarshensa, idan kuma mamacin malami ne almajiransa sukan yi masa marsiyya su sa shekarar a baitin ƙarshe. Ni da kaina na sami irin wannan a gafakar kakana, takarda guda mai launin ƙasa, an rubuta da alƙalamin kara, tawadar ta koma ja, gefenta ya ci saboda yawan buɗawa. Haihuwa bakwai da rasuwa huɗu ke ciki, kowace da ranar mako da kwanan wata, shekarar kuma ba da lamba aka rubuta ba, da ramzi, wato haruffan Larabci da kowanne ke tsaye a madadin wata lamba. A nan na yi kuskuren da nake so ka kauce masa. Na kai wa wani matashi da ya yi karatun Larabci na zamani, ya lissafa haruffan shin da sin da mim ya ce 400 ne, muka rasa gane kanta. Sai da na kai wa wani tsoho mai karantarwa a zaure ya ce lissafin mutanen gabas yaron ya yi. A namu na Magariba shin 1000 ne, sin 300, mim 40, wato Hijira 1340, wadda ta zo daidai da ƙarshen 1921 zuwa 1922. Ko kakanka bai yi karatu mai zurfi ba, ka tambaya wane malami ne yake raɗa wa 'ya'yansa suna, domin sau da yawa a littafin limamin unguwa ake samun abin da babu a gida.

Saɓanin sunan nan kuma kada ya dame ka, wataƙila duka biyun gaskiya ne. Garba shi ne Abubakar, Shehu shi ne Usman, Sanda shi ne Umaru, Audu shi ne Abdullahi, ga kuma Tanko da Ɗanjuma da Ɗan'azumi da ba sunan yanka ba ne sam. Ga alkunya, wadda ta hana mace faɗin sunan mijinta da na surukinta da na ɗanta na fari, har jikoki su tashi ba su taɓa jin sunan a bakin kakarsu ba. Ka rubuta duk sunan da aka faɗa maka, ka rubuta wanda ya faɗa, kada ka zaɓi ɗaya ka yar da ɗaya.

Gwaggon nan taka ita ce babban kundinka, kuma ba ta da kwafi. Kada ka je mata da biro da takarda kamar ɗan sanda, za ta ce ta manta. Ka tura 'yarka ko matarka su zauna da ita ana tsinke zogale ko ana ɓarar gyaɗa, a kunna na'urar ɗaukar murya ta waya da saninta, a bar ta ta yi ta zuba. Kada a tambaye ta shekara, tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi. A tambaye ta ko mahaifinta ya taɓa ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914 a matsayin abin da ya gani ko abin da aka ba shi labari, ko ya baro gida kafin yunwar 'Yar Gusau ta 1942 ko bayanta, ko wane ne Sarkin Kano da ya taso, domin Abbas ya rasu a 1919, Usman a 1926, Abdullahi Bayero a 1953. A tambaye ta zanen fuskarsa, da sana'ar gidansu, da ranar da kasuwarsu take ci, da kirarin da yake yi wa kansa idan ransa ya yi fari, da waƙar da yake yi wa jariri. Sunan ƙauye yakan ɓuya a cikin kirari shekara da shekaru ba wanda ya lura.

Tsohon Magatakardan Kotu ya amsa:

Allah ya jiƙan magabatanmu. Hajiya ta ce rajistar haraji ba ta san mace ba, gaskiya ne, amma akwai takardar hukuma guda da ta san ta, ita ce ta rabon gado. Na yi shekaru ina rubuta irinta, kuma a ganina babu takardar da ta kai ta amfani ga mai neman asali. Alƙali ba ya raba dukiya sai an tabbatar da mutuwa, an kawo shaidu, an lissafa magada ɗaya bayan ɗaya: matan mamaci da za a fitar wa tumunin takaba, 'ya'ya maza, 'ya'ya mata, iyaye idan suna raye. Shafi guda yakan ba ka gida sukutum, da sunan gona da iyakokinta da sunayen maƙwabta. A zamanin En'e da Larabci muhuti, wato magatakardan alƙali, yake rubutawa, kuma ana kula da rubutun ƙwarai domin hukuma tana karɓar ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na dukiyar. Wannan ushirar ce kuma ta sa mutanen karkara da yawa suke raba gadonsu a gida gaban liman, saboda haka ba kowane mamaci ne ya shiga kundi ba. Wanda ya bar shanu, ko gonar da aka yi jayayya a kanta, ko marayu ƙanana, shi ne ake kyautata zaton samu.

Abin da ya sa nake ganin kana da rabo a nan shi ne kakanka magaji ne da ba ya nan. A fiƙihun Malikiyya ba a cinye rabon wanda ya yi nisan zango, ana ware shi a danƙa wa wani amana har a san halin da yake ciki. Idan gadon mahaifinsa ya je gaban alƙali, akwai yiwuwar ka ga an rubuta cewa wane yana wajen kuza, an ajiye kasonsa a hannun ƙanensa wane. Jimla ɗaya irin wannan za ta warware maka saɓanin suna, ta kuma ba ka sunan ƙannen biyu. Kotunan alƙalai sun koma hannun gwamnatocin jihohi a ƙarshen shekarun 1960, tsofaffin kundayen kuma galibi suna ɗakin ajiya na kotun da ta gaji ta hedikwatar gunduma. Sai ka rubuta takardar neman izini, ka tafi da mai karanta rubutun Magariba, ka kuma shirya zuciyarka. Na taɓa buɗe wani ɗakin ajiya na tarar da kundaye jibge a ƙasa ƙarƙashin rufin da ke yoyo, na ɗaga na sama sai gara ta zubo, rabin shafukan sun zama ƙasa. Abin ya yi mini ciwo har yau, domin gidaje ɗaruruwa ne suka rasa shaidarsu a wannan ɗakin ba tare da sun sani ba.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, ranar da ka isa ƙauyen ka ce kai jikan wane ne da ya tafi Jos, abin da zai fara zuwa zuciyar mutane shi ne gona ka zo karɓa, musamman idan da gaske an taɓa ajiye wa kakanka kaso. Na ga zumunci ya mutu tun kafin a haife shi saboda wannan. Ka fara sauka wurin dagaci da goronka, ka faɗa a gaban shaidu cewa zumunci ka zo nema, sannan a yi maka jagora zuwa gidan.

Na biyu ya fi nauyi, kuma ina faɗarsa ne ga duk mai karanta wannan, ba kai kaɗai ba. Ƙasar Kano ta ƙarni na 19 cike take da rinji da bayi, dokar Turawa ta 1901 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar kawai ta 'yanta, ba a kuma haramta bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan kotuna sun rubuta dubban mutanen da suka fanshi kansu ko aka 'yanta su, da sunansu da ƙabilarsu ta asali, kuma akwai irin wannan rajista a Kaduna. Wani lokaci shirun da tsoho yake yi a kan garinsu, da ƙin komawarsa, daga nan yake. Ba abin kunya ba ne ga wanda aka zalunta, amma mai bincike ya kamata ya yanke shawara tun da wuri a kan wanda zai gaya wa abin da ya gano, da yadda zai faɗa, domin akwai aure da mutuncin mutane masu rai a ciki.

Ɗan Barikin Ladi ya amsa:

Ina yi maka ta'aziyya, maƙwabci. Da izinin Malam, ni ina ganin Kaduna za ta yi amfani tun yanzu ta fuska ɗaya. A tambayi gwaggo ko da ƙafarsa ya zo ko kuwa diban gwamna ne ya kawo shi. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai aka ɗora wa lardunan Arewa kawo leburori dole, kowane hakimi da adadin da zai cika, aka yi ta haka har 1944. Sanyin Filato da ƙarancin abinci sun kashe mutane da yawa a barikokin, wasu sun gudu, wasu kuma da wa'adinsu ya cika suka zauna suka yi aure. Idan yana cikinsu, ka sami shekarar zuwansa cikin shekara uku kacal, kuma wasiƙun da aka yi tsakanin Kano da Jos a kan diban suna cikin fayilolin lardunan biyu.

Ƙanen nasa namiji kuma, a wannan lokacin ne ake ɗibar samari soja zuwa yaƙi a ƙasar Bama, wato Burma. Hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashen rainon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, ta sa sunayen waɗanda suka mutu a intanet kyauta, da lambar soja da ranar mutuwa. Sojojinmu da sunan gari aka fi rubuta su, wane Kano, wane Katsina, wane Gaya, da irin rubutun Turawa kamar Garuba da Momadu, saboda haka sai ka gwada rubutu iri-iri.

Jikan Mai Kuza ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na jinkirta amsa ne domin in fara aikata abin da Inna ta ce. Matata da babbar 'yata sun kwana biyu a wurin gwaggo, kuma abin da suka ɗauko ya fi awa uku. Ɗan Barikin Ladi ya canka daidai: ta ce mahaifinsu yakan ce "gwamna ne ya ɗebo mu", kuma dagacinsu ne ya nuna gidansu aka ce a ba da mutum ɗaya, shi ya miƙe don kada a ɗauki ƙanensa. Ta ce wannan ne ya sa ya yi fushi da garin, ba da danginsa ba. Ban taɓa jin wannan ba, mahaifina ma ina zaton bai sani ba, domin ita ce take zama kusa da tsohon a shekarunsa na ƙarshe.

Sunan ƙauyen bai fito kai tsaye ba, amma ta tuna gidansu marina ne, kasuwarsu ranar Laraba take ci, kuma akwai wata kuka da rijiya da yake ambata a kirarinsa. Da aka buɗe akwatin ƙarfensa, wanda ke ƙarƙashin gadonta tun 1973, an sami rasiɗan haraji guda shida na En'en Jos ɗaure da zare cikin wata tsohuwar hula. A biyu daga ciki malamin ya rubuta sunansa tare da na mahaifinsa, kuma sunan da gwaggo take faɗa ne. Wanda mahaifina yake faɗa laƙabinsa ne, kamar yadda Inna ta yi hasashe. Gafaka babu, amma an ce littattafan limamin da ya raɗa musu suna suna hannun jikansa, zan je wurinsa ranar Asabar.

Allah ya gafarta Malam, da waɗannan alamu uku, marina da kasuwar Laraba da shekarun diban, kana ganin in fara da fadar hakimi ko in fara duba jerin ƙauyuka a rahoton Kaduna? Baba Magatakarda kuma, ina roƙon ka nuna mini yadda ake tsara takardar neman izinin duba kundin gado, da wanda ake rubuta wa. Na yi niyyar tafiya bayan an gama girbi, lokacin da dattawa suke zaune a gida, kuma gwaggo ta ce idan an gano garin, ko a kwance ne sai an kai ta.